Marigayi Alhaji Umaru Salga: Malamin Fatake Da Ya Ga Mutuwar Kasuwar Gwanja

Duk wanda ya taɓa zama a zangunan birnin Accra, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, ya san cewa a gida guda ana iya samun Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da mutumin Dagwamba suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya, suna kuma bin limami ɗaya. Haka abin yake a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Hatta sunan unguwar Adabraka, kamar yadda ake faɗa, ya samo asali ne daga kalmar albarka, wadda ɗan kasuwa ke furtawa idan tayin mai saye bai kai ba. To amma tun kafin waɗannan zanguna su cika su batse, an yi wani gari a arewacin ƙasar Ghana wanda ya fi su tara jinsi-jinsin mutane, ya kuma fi su dukiya a zamaninsa, sai ga shi rikicin sarauta ya watsa shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan gari shi ne Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja.

A filinmu na yau za mu kawo wa mai karatu tarihin wani malami ɗan fatake wanda ya ga wannan al'amari da idonsa, ya rubuta shi da alƙalaminsa, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin kada a maimaita shi a inda ya koma. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da Alhaji Umaru Salga, a Ghana kuwa ake kiransa Alhaji Umaru na Kete-Krachi ko Imam Imoru.

Haihuwarsa da neman ilminsa

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajejen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a cikin littattafansa ake jingina shi ga Kabi da Kano da Salga gaba ɗaya. Mahaifinsa Malam Abubakar bafatake ne da ke bin hanyar Gwanja. A Kano Umaru ya yi karatun allo ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga karatun littattafai na fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa. Bai tsaya a Kano kaɗai ba, domin ya yi yawon neman ilmi a ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi, yana kuma bin ayarin mahaifinsa zuwa yamma.

Wannan hanya kuwa ba ƙaramar makaranta ba ce. Ayari kan tashi daga Kano da ɗaruruwan jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, ƙarƙashin jagorancin madugu, ya ratsa Yawuri ya haye Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu da Jugu da Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salga. Tafiyar takan ci watanni, kuma a kowace ƙasa sai madugu ya zauna da sarkin wurin an daidaita kuɗin fito da na wucewa. Yaron da ya tashi a irin wannan tafiya yakan gane tun da wuri cewa dukiyar bafatake tana rataye ne a wuyan mutanen da ba yarensa ɗaya da su ba, ba kuma addininsa ɗaya da su ba.

Ba mamaki ke nan da littafin farko da aka san shi da shi ya zama na koyar da rubuta wasiƙa. Ya rubuta shi da Larabci wajejen 1877, yana ɗan kimanin shekara 20, inda ya tsara yadda ake rubuta wa sarki da malami da aboki da abokin ciniki. A zamanin da babu waya babu banki, wasiƙa ita ce shaidar bashi, ita ce takardar neman izinin wucewa, ita ce kuma hanyar kashe husuma kafin ta kai ga zare takobi.

Salga a lokacin da take Salga

Mai karatu zai fi fahimtar abin da ya biyo baya idan ya san yadda garin yake. Goro daga kurmin Tonawa, wato Asante, yake fitowa, Salga kuwa ita ce mahaɗar masu kawo shi daga kudu da masu sayensa daga arewa. A kasuwarta ana jin Hausa da Gwanjanci da harshen Wangarawa da Barbarci da Nufanci da Yarbanci da Fulatanci da harshen Mosawa. Kowane baƙo yana da maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya rikice. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi, kuma, gaskiya ɗaya ce, ya yi suna da cinikin bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙananan ƙabilun arewa. Wannan tabo ne da har yau jikokin waɗanda aka kama ba su manta da shi ba.

Wani abin lura shi ne masu ƙasar ba a cikin Salga suke zaune ba. Sarakunan Gwanja suna wani gari ne dab da ita mai suna Kpembe, kuma sarkin wurin, Kpembewura, shi ne ke da ikon kasuwar. Ke nan gari biyu ne kafaɗa da kafaɗa: ɗaya na masu sarauta da ƙasa, ɗaya na baƙi masu kuɗi da ilmi. Muddin kowa ya tsaya a matsayinsa, sai a ci riba tare.

Girgiza ta farko ta zo ne a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi suka ƙona ta. Ganin ƙarfin Tonawa ya karye, sai mutanen Gwanja suka yi musu bore, aka kashe Tonawan da ke zaune a Salga. Martanin Kumasi shi ne ta karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Waɗanda suka ɗauki fansa sun huce haushinsu na shekaru, amma kasuwar ce ta biya kuɗin.

Yaƙin basasa na 1892

A shekarar 1892 ne Malam Umaru ya tare a Salga ya buɗe makaranta, kuma a ƙarshen wannan shekarar ne wuta ta tashi. Sarautar Kpembe tana zagayawa ne tsakanin gidaje 3, wato Lepo da Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase sun daɗe suna ganin an tsallake su, ana ta miƙa fatar sarauta a tsakanin wasu. A lokacin Napo, na gidan Lepo, shi ne Kpembewura, kuma fatake da dama suna kuka da yadda 'ya'yan sarauta ke ƙwace da cin zali a kasuwa. Sai jagoran gidan Kanyase, Kabachewura Isifa, ya nemi taimakon mayaƙan Dagwamba da Nanumba, suka auka wa Kpembe. Aka ci Napo da yaƙi, ya bar garin a guje, Isifa ya hau.

Abin da masana tarihi suka fahimta daga rubuce-rubucen Malam Umaru na wancan lokaci shi ne zuciyarsa ta fi karkata ga masu tawaye, saboda yana ganin an kawar da azzalumai. Ba shi kaɗai ba ne, domin baƙin Salga sun rabu, wasu na nan wasu na can, gwargwadon wanda kowa ke hulɗa da shi a fada. To amma murnar ba ta daɗe ba. Mayaƙan da aka gayyato daga waje ba su zo don gyaran kasuwa ba, kuma mai ɗibar ganima ba ya tambayar wane gida ne ya goyi bayan wa. Aka wawashe dukiya, aka ƙona gidaje, masu masauki da dillalai suka kwashe iyalansu suka nufi Yeji da Kintampo da Kete-Krachi da sauran wurare. Ayarin da ya taso daga Kano da niyyar Salga sai ya canza hanya, domin bafatake ba ya kai jakinsa inda bai tabbatar zai kwana lafiya ba.

Raunin garin ya buɗe wa Turawa ƙofa. Tun 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniyar barin wannan yanki a matsayin ƙasar da ba ta kowa ba a tsakaninsu, amma kowannensu na zawarcinta. A 1894 wakilin Ingila, George Ekem Ferguson, ya ƙulla yarjejeniya da sabbin masu mulkin. A 1896 Jamusawa suka ƙona abin da ya rage na Salga, kuma a watan Disamba na shekarar suka karya rundunar Dagwamba a Adibo suka shiga Yandi. A 1899 aka raba yankin, Salga ta faɗa hannun Ingila, Yandi da Kete-Krachi suka zama na Jamus. Waɗanda suka yi faɗa a kan kasuwa sun wayi gari babu kasuwar, babu kuma ikon.

Bayan shekaru, wajejen 1904, Malam Umaru ya sake komawa kan labarin a cikin wata doguwar waƙar Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan. A wannan karo muryarsa ta baƙin ciki ce. Bai ɗora laifin a kan ƙabila guda ba. Ya duba halin mutanen garin ne baki ɗaya, masu mulki da 'yan kasuwa har da masu da'awar ilmi, ya nuna yadda zalunci da kwaɗayi da lalacewar tarbiyya suka riga takobi cin garin.

Zamansa a Kete-Krachi

Wajejen 1896 ya bi sahun sauran jama'a zuwa Kete-Krachi a bakin kogin Volta. A nan ma ya tarar da irin tsarin da ya baro: Krachi garin masu ƙasa ne, masu bautar wani shahararren gunki da ake kira Dente, Kete kuwa zangon baƙi Musulmi. Kafin zuwansa an yi ta takun-saƙa tsakanin fatake da babban bokan Dente a kan haraji da ikon hanya, har Jamusawa suka kama bokan suka harbe shi a 1894. Ke nan ya sauka ne a wurin da masu gari ke kallon baƙi a matsayin waɗanda suka jawo musu Bature. Zama a irin wannan wuri sai da lura.

Daga baya ya zama limamin Kete, makarantarsa kuma ta zama matattarar ɗalibai daga sassa daban-daban. Gwajin da ya fi fito da matsayinsa ya zo ne wajejen 1904 zuwa 1905, lokacin da wasu masu wa'azi suka ɓulla a arewacin ƙasar suna shelar cewa bayyanar Mahadi ta kusa, suna umartar mutane su farfasa wuraren tsafin masu ƙasa. Jama'a da dama sun ruɗu. Malam Umaru ya rubuta waƙa a kan ɗaya daga cikinsu mai suna Musa, inda ya tona cewa neman abin duniya ne ke tafe da shi. Malamin da ya ga abin da ya sami Salga ya san cewa mai tayar da ƙura yakan wuce abinsa, ya bar mazauna zango da maƙwabtan da aka fusata.

Hulɗarsa da Turawa ma abin dubawa ce. Tun a Salga ya yi aiki da wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete kuma ya karantar da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Saboda shi ne Malam Umaru ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu, waɗanda har yau manazarta ke dogaro da su. Amma wannan bai hana shi faɗin gaskiya a kan mamayar ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci, ya kuma yi Waƙar Nasara da Hausa a daidai lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, inda ya lissafa garuruwan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana yadda baƙin suka shigo da lallami kafin su nuna bindiga. Ya ƙi abin da suka yi, amma bai tura ɗalibansa su je su mutu a banza ba.

Haka kuma yana da waƙar Talauci da Wadata, wadda a cikinta ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci, a ƙi jin maganarsa ko da gaskiya ce, a kuma yabi mai kuɗi ko da ya yi ɓarna. Wanda ya karanta ta zai ga mutum ne da ya san zuciyar ɗan Adam, ya kuma san cewa raini yana daga cikin itatuwan da ake hura wutar fitina da su. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, ya kuma yi waƙa a kan annobar mura ta 1918. A 1913 ya tafi aikin Hajji, kuma a Madina ya haɗu da Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya. Kafin ƙarshen rayuwarsa ya ga tafiyar Jamusawa a 1914 da zuwan Ingilishi a madadinsu.

Daga Salga zuwa zangunan Accra

Mutuwar Salga ita ce ta ƙara wa zangunan kudu jama'a. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga Accra zuwa Ikko, fatake kuma suka bi shi. A Accra sun tarar da 'yan uwansu da suka riga su, ciki har da sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya kawo yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874. Su ma ba su tsira daga saɓani ba, domin an yi ta jayayya a kan limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da Yarbawa da sauran jama'a. Sai dai a nan, maimakon a ƙona gari, an fi warware matsalar da neman sabon fili a wurin masu ƙasa, mutanen Ga. Ta haka Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, ta haka kuma Malam Amadu Futa ya kafa Nima a shekarun 1930. Ɗaliban Alhaji Umaru da ɗaliban ɗalibansa sun bazu a irin waɗannan zanguna suna limanci da karantarwa.

Abin da ya gani kuwa bai daina faruwa ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Ghana, mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1983 Nijeriya ta kori 'yan Ghana kimanin miliyan 1. A 1994 gardama a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila ta zama yaƙi tsakanin Konkomba a gefe guda da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen, aka rasa rayuka fiye da 1,000, aka ƙona ɗaruruwan ƙauyuka. Kowa ya san ba zabo ba ne dalili. Tsohuwar ƙura ce ta mallakar ƙasa da sarauta da raini, wadda aka bari ta taru. A 2012 kuma, a garin Hohoe, rikici a kan tone gawar limamin zango ya jawo ƙone-ƙone tsakanin matasan zango da masu gari, kuma rumfunan 'yan kasuwa na cikin abin da wuta ta fara ci.

Idan aka jera waɗannan da labarin Salga, za a ga hanyar kusan ɗaya ce. Da farko akwai ƙorafin da aka ƙi saurara shekara da shekaru. Sai tsoro ya shiga, kowane ɓangare ya riƙa jin cewa idan bai riga ba za a riga shi. Sai jita-jita ta samu kasuwa, laifin mutum ɗaya ya zama laifin ƙabilarsa duka, har maƙwabcin da aka ci abinci da shi jiya ya koma ɗaya daga cikin su wane. Daga nan sai a gayyato na waje, wanda ba shi da asarar komai a garin. A kowane mataki akwai inda dattijo ko limami ko sarkin kasuwa zai iya taka birki, kuma ya fi sauƙi a matakin farko. Irin wannan ne Babban Limamin Ghana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna a 2019, lokacin da ya halarci cocin Katolika na Christ the King a Accra a ranar Ista, yana da shekara 100 a duniya.

Ga 'yan uwa masu ciniki a kasuwannin kan iyaka, ko a Aflao ne ko Paga ko Jibiya ko Illela, darasin a fili yake. Idan rikicin sarauta ko na siyasa ya tashi tsakanin masu gari, za a zo neman gudummawarku, kowane ɓangare kuma zai yi muku alƙawarin sauƙin haraji da rumfa mai kyau. Ku tuna cewa malamin da ya fi mu ilmi ya taɓa ganin alheri a nasarar ɓangare guda, sannan ya zauna ya rubuta makokin garin. Neman haƙƙi a gaban hukuma da sarakuna daidai ne, kuma shiru a kan zalunci ba shi ne zaman lafiya ba. Amma kuɗin ɗan kasuwa kada ya sayi makami, bakinsa kuma kada ya ɗauki labarin da bai tabbatar ba daga wannan rumfa zuwa waccan.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Alhaji Umaru ya ɗanɗani rashin ɗansa Alhaji Labbu, wanda ya yi wa marsiyya mai taɓa zuciya. Shi ma Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Krachi a 1934, yana da kimanin shekara 76. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya shanye tsohon garin da ya yi zamansa a ciki, aka mayar da jama'a sabon matsuguni. Rubuce-rubucensa kuwa sun tsira. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara kofe masu yawa daga hannun malaman zanguna, kuma daga Nima zuwa can tafiyar mota ɗaya ce. Ya kamata matasanmu masu karatun Larabci da ajami su san da wannan taska.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah Ya zaunar da kasuwanninmu da zangunanmu lafiya, amin.